Gahawar da Abu Nizar Ya Ajiye

Hilmi Sawalha, wanda duk unguwarmu ke kira Abu Nizar, ya yi shekara talatin da ɗaya yana kula da ciyawar babban filin jami'ar garinmu a jihar Ohio. Ni kuwa na yi shekara ashirin da shida ina aiki a ɗakin karatun da tagoginsa ke kallon filin. Rabin abin da zan faɗa da idona na gani. Sauran rabin shi ya ba ni da bakinsa, ya kuma yarda in rubuta, bisa sharaɗi biyu: kada in rage masa laifi, kada kuma in ƙara wa ƙanensa lada.

An haife shi a wani ƙauye na yankin Nablus, a Falasɗinu. Ya zo Amurka yana ɗan shekara ashirin da huɗu don karatun aikin gona, amma karatun bai kai ƙarshe ba. Mahaifinsu ya rasu, ƙanensa Adnan yana buƙatar mai riƙe shi, sai Hilmi ya rufe littafi ya kama aiki. Adnan ya zama likitan haƙori mai gidan bene a bayan gari. Hilmi ya zama mutumin da ya san inda ruwa ke kwanciya a filin jami'a, da kusurwar da rana ke ƙonawa a watan Yuli, da ranar da ya kamata a zuba taki. Ban taɓa jin ya yi wa ƙanensa gori a kan wannan ba, kuma na yarda bai riƙe shi a zuciya ba. Abin da ya riƙe daban ne.

Duk ranar sha biyar ga watan Mayu, ranar da Falasɗinawa ke tunawa da garuruwan da aka raba su da su, Abu Nizar yakan ɗauki hutun yini guda. Ya sa kwat, ya je gaban gidan waya na tsakiyar gari, ya tsaya daga hantsi zuwa la'asar riƙe da wani kwali da ya rubuta da hannunsa: sunan ƙauyen mahaifiyarsa da aka rushe, ƙarƙashinsa kuma, "Har yanzu muna nan." Shekara ashirin da takwas ya yi haka, shi kaɗai. Kowace shekara sai ya nemi takardar izini daga hukumar gari, ya ninke ta a aljihun gaba. An taɓa watsa masa lemo daga tagar mota. Wata tsohuwa ta taɓa miƙa masa burodi, ta ɗauka bara yake yi. Ɗan jarida ko guda bai taɓa tsayawa ba. Adnan kuwa, idan hanya ta biyo da shi, sai ya danna ƙaho sau biyu ya wuce. Ya ce masu ciwon haƙori kowane iri ne, likita ba ya zaɓen ɓangare a bakin titi.

A ƙarshen Afrilun bara ɗalibai suka kafa tantuna arba'in da 'yan kai a kan ciyawar Abu Nizar, suna neman jami'a ta janye hannunta daga kamfanonin da ke ƙera makaman da ake zubawa a Gaza. Wadda suka naɗa ta yi magana da yawunsu ita ce Lamis, 'yar Adnan, ɗalibar shari'a. Kafin kwana uku motocin gidajen talabijin sun cika bakin ƙofa. Ranar Juma'a a masallaci aka buɗe wa Adnan hanya zuwa sahun gaba, mutane na rungumarsa suna cewa, "Allah ya yi wa tarbiyyarka albarka, likita!" Abu Nizar yana sahu na shida, kusa da ni. Na ga yadda ya kafe idonsa a kan darduma.

Duk da haka, washegarin kafa tantunan shi da kansa ya rufe famfunan feshin ruwa na filin, ba tare da kowa ya roƙe shi ba, don kada su jiƙa wa yaran barguna. Ina faɗin wannan ne don adalci. Ran nan da safe ya shiga sansanin duba bututu, sai Lamis ta hango shi tana tsaye da wata 'yar jarida.

"Baffa! Zo, zo mana!" Ta ja hannunsa. "Wannan baffana ne. Shi yake yanke ciyawar nan."

'Yar jaridar ta yi masa murmushin da ake yi wa mai gadi, ta mai da kanta wajen Lamis. Bai gama juyawa ba wani saurayi Bature, ya naɗa kufiyya, rawanin nan na Falasɗinawa, a wuya irin naɗin da ba a yi, ya miƙa masa wata takarda mai bayanin abin da ya faru da Falasɗinawa a shekarar alif ɗari tara da arba'in da takwas.

"Ka karanta a hankali, malam," in ji saurayin, "za ka gane dalilin da ya sa muke nan."

Abu Nizar ya karɓa, ya yi godiya, ya ninke ta ya sa a aljihun da yake sa takardar izini.

A nan ya kamata a tsaya a bambance abu biyu, domin mutane suna haɗa su. Akwai jin zafin da mutum ke yi idan an tauye masa haƙƙi, wannan ba laifi ba ne. Lamis ta san labarin kwalin tun tana goye, kuma jimla guda ta ishe ta ta gaya wa 'yar jaridar. Akwai kuma burin cewa abin da wani ya samu ya gushe, ko da ba zai dawo hannun mai burin ba. Na farko yana iya zama a zuciya shekaru ba tare da ya cuci kowa ba. Na biyu ba ya zama. Aiki yake nema. Kuma ba ya zuwa da sunansa. Yakan zo ne sanye da rigar wani abu mai kyau, kamar riƙon amana ko bin doka, har mai shi ya karɓe shi hannu biyu.

Aikin ya samu a kwana na shida. Shugaban sashensu ya nemi Abu Nizar ya rubuta rahoto kan halin da ciyawa ke ciki, saboda saura mako uku a yi bikin yaye ɗalibai a filin. Irin wannan rahoto rabin shafi yake rubutawa. Wannan karon ya rubuta shafi huɗu. Ya bayyana cewa ciyawar da aka danne da tanti takan fara rawaya a kwana biyar, saiwarta ta ruɓe a kwana goma sha biyu. Cewa turakun tantuna sun huda bututu a wuri uku. Cewa idan aka shuka sabon iri ba zai tsiro ya ɗauki kujeru dubu huɗu ba sai bayan mako shida. Na karanta rahoton daga baya, layi-layi, ban sami ƙarya ko ɗaya a ciki ba. Abin da ban samu ba shi ne jimlar da kowane mai wannan sana'a ya sani: ana sayar da ciyawa a nannaɗe kamar tabarma, a shimfiɗa ta cikin kwana biyu. Shi da kansa ya shimfiɗa irinta a filin nan shekara biyar da suka wuce, bayan wani taron kiɗa ya tattake shi.

Ranar Lahadi muka taru cin abinci a gidan Adnan. Matar gida ta kifar da tukunyar makluba a kan babban faranti, shinkafar ta tsaya ba ta rushe ba, aka yi tafi. Ba a kai loma ta uku ba gardama ta tashi, domin jami'a ta fitar da sanarwa cewa idan ba a kwashe tantuna ba zuwa Talata, za ta kira 'yan sanda.

"Makarantar da ta kira 'yan sanda a kan ɗalibanta ta sauka daga makaranta," in ji Adnan, yana nuni da cokali. "Yara ne zaune a ƙasa suna karanta littafi!"

"Fili na kowa ne," in ji Abu Nizar. "Akwai yaron da uwarsa ta yi shekara huɗu tana wanke asibiti don ta gan shi da hular digiri a wurin nan. Ita ba ta da haƙƙi? Doka ta ce a nemi izini. Ni shekara ashirin da takwas ina neman izini, kaina bai faɗi ba."

"To Yaya, da izinin naka me ka kwato? Ko kan sarki guda gidan waya ba su rage maka ba."

Aka fashe da dariya. Abu Nizar bai yi ba.

"Kai kuma da ƙahon motarka ka kwato Ƙudus, ko?"

"Ni dai na haifi wadda duniya ke saurare."

Na faɗi ra'ayina a wurin, kuma ban sauya shi ba: mai riƙe da mulki yana da damar kare filinsa, amma sanda ita ce mataki na ƙarshe, kuma wanda ya ɗauke ta tun bai gaji da magana ba ya nuna cewa maganar ce ba ya so. Hujjar Abu Nizar game da uwar ɗalibi hujja ce ta gaskiya, ta cancanci amsa. Sai dai hujja tana iya zama daidai alhali abin da ya tura ta baki ba daidai ba ne, kuma a lokacin ban san abin da ya tura ta ba.

Adnan ya ɗauko wayarsa ya karanta sanarwar da ƙarfi. Da ya kai inda aka ce, "bisa rahoton ƙwararrun da ke kula da harabar jami'a, ba za a iya ceto filin ba idan aka ƙara mako guda," sai ya ɗaga kai.

"Wane marar kunya ne ƙwararren? Yaya, a sashenku ne fa. Ka binciko mana shi."

Abu Nizar ya ce zai bincika. Matarsa Widad ta dube shi ta gefen ido, ta janye farantinsa. A mota, kamar yadda Abu Nizar ya gaya mini daga baya, magana ɗaya ta yi: "Ciyawa ta fi haka mutuwa a gabana, Abu Nizar, ban ga ka rubuta shafi huɗu ba."

Litinin da hantsi ya shigo ɗakin karatu sanye da kwat ɗinsa na ranar sha biyar ga Mayu. Ya gaya mini komai a tsaye, tsakanin kantoci biyu, sannan ya ce, "Ustaz Wajih, ka sa rigarka ta kirki. Roƙo za mu je, kuma ba a zuwa roƙo mutum ɗaya."

A wurinmu, idan dattawa suka je neman wata alfarma mai nauyi, neman aure ko sulhu ko yafiya, mai gida yakan zuba gahawa, jagoran baƙi ya karɓi finjalin ya ajiye shi a ƙasa bai kurɓa ba. Kowa ya san ma'anarsa. Mai gida ba shi da sukuni har sai ya ce, "Ku sha gahawarku, abin da kuka zo nema naku ne." Barin gahawar baƙo ta huce a gabanka abin kunya ne da ake tunawa da shi har jikoki. Na ce masa wannan ba Nablus ba ce. Ya ce mutum mutum ne a ko'ina, babu wanda zai ga dattijo ya ƙi shan abin da ya ba shi bai tambayi dalili ba.

Mataimakin shugaban jami'a, wani mai suna Mista Pruitt, ya ba mu minti goma. Mutum ne mai fara'a. Da hannunsa ya tsiyayo mana gahawa a kofunan takarda. Abu Nizar ya karɓa da dama, ya miƙe zaune, ya ajiye kofin a tsakiyar tebur a hankali, ya harɗe hannuwa, ya zuba wa mutumin ido.

"Af, ba ka shan ta baƙa? Ga madara."

Mista Pruitt ya sake gwadawa.

"Ko shayi za a kawo? Muna da na ganye iri-iri."

"Ba zan sha ba," in ji Abu Nizar, "sai an biya mini buƙatata."

"Babu komai, ba dole ba ne," in ji Mista Pruitt, ya ture kofin gefe don kada ya zube a kan takardu. "Ina jin ka."

Abu Nizar ya yi bayanin ciyawar da ake shimfiɗawa. Ya ce kwana biyu sun ishe shi, ko da an bar yaran har saura kwana biyu biki. Ya ce zai yi aikin da hannunsa, kuma rahotonsa bai cika ba. Mista Pruitt ya saurara yana gyaɗa kai, har ya rubuta wani abu.

"Na gode ƙwarai, Mista Sawalha. Amma kwamiti ya riga ya zauna. Kuma bari in gaya maka, rahotonka ya taimaka sosai. Wasu suna ta ja-in-ja, da aka karanta shi kowa ya yi shiru. Ban taɓa ganin rahoton ciyawa mai kyansa ba."

Sakatariya ta leƙo ta ce lokaci ya yi. Muna fita na ga ta ɗauki kofin ta juye a kwandon shara. Ban ɗora wa mutumin laifin rashin sanin al'adarmu ba. Ina ma zaton da rahoton da babu shi za su kira 'yan sandan, domin wanda ya yanke shawara dalili kawai yake nema. Amma wannan ba ya wanke wanda ya miƙa dalilin.

Talata da ƙarfe bakwai na safe 'yan sanda suka shigo cikin sahu, da kwalkwali da garkuwa. Ɗaliban suka zauna a ƙasa suka sarƙe hannuwa. Ɗaya bayan ɗaya aka ɓamɓare su, aka ɗaure musu hannu ta baya da igiyar roba. Mutum talatin da bakwai aka tafi da su. Daga tagata na ga an ɗaga Lamis, takalminta ɗaya ya zame ya zauna a ciyawa. Na kuma ga Abu Nizar a ƙofar rumfar injinansa, ya yi tsaye kamar an dasa shi. Kafin azahar aka umarci sashensu su kwashe tarkace. Shi ya tsinci takalmin.

Ba a yi mako ba ɗalibai suka samo kwafin rahoton, da sa hannunsa a ƙasa. Adnan ya rantse ba zai ƙara taka gidan yayansa ba. A masallaci gefensa na dama da na hagu suka riƙa zama fili, sai ni. Sunan da ya yi shekara ashirin da takwas yana jiran a kira, yanzu kowa na kiransa, amma ƙasa-ƙasa.

Ranar sha biyu ga Mayu da la'asar ina gidansa aka ƙwanƙwasa. Lamis ce, da wata ƙawarta, da saurayin nan mai naɗin kufiyya. Shatin igiyar roba bai gama ɓacewa daga wuyan hannunta ba. Ta sumbaci kan Widad, ta gai da baffanta, suka zauna. Abu Nizar ya ɗauko butar gahawa, ya zuba mata. Ta karɓa da dama, ta ajiye finjalin a kan tebur, ta harɗe hannuwa. Saurayin ya kai nasa baki, ƙawar ta zungure shi da gwiwar hannu, ya ajiye da sauri har ya zubar.

Abu Nizar ya daɗe yana kallon finjalin.

"Wa ya koya miki wannan? Ba dai ubanki ba."

"Kai ne, Baffa. Ranar da aka je nema wa ɗanka Nizar aure, ina ɓoye bayan labule."

"To faɗi. In haƙuri kike so in ba ki a gaban jama'a, zan ba ki."

"Haƙurinka riƙe abinka, ban gama fushi ba tukuna. Kwalin nake so. Gata za mu tsaya gaban gidan waya, kuma an hana mu izini, an ce mu masu laifi ne. Kai kuwa na san takardarka tana aljihu tun watan Maris."

Tana nan kuwa. Ya taɓa aljihun bai sani ba.

"Wato filina kun cinye, yanzu bakin titina kuke so."

"Da kai a tsaye a gaba."

"Ni mai yankan ciyawa?"

Ta sunkuyar da kai. "Wannan kuma nawa laifin ne."

Widad ta ce daga ƙofar kicin, "Gahawar yarinya na hucewa a gidanka, Abu Nizar."

"Sha gahawarki," in ji shi. Sannan ya tashi ya ɗauko mata takalminta, wanda ya wanke ya ajiye a kan firji.

Ranar sha biyar ga Mayu mutum wajen ɗari uku suka cika gaban gidan waya. Lamis ta ɗauki lasifika ta faɗi sunansa cikakke, ta faɗi shekara ashirin da takwas ɗin. Aka yi tafi. Adnan ma ya zo, ya tsaya can baya, bai gai da kowa ba, bai kuma danna ƙaho ba. Da hannun Abu Nizar ya gaji, Lamis ta karɓi kwalin ta riƙe masa na ɗan lokaci. A daidai wannan lokacin mai hoton jaridar gari ya danna na'urarsa.

Washegari hoton ya fito a shafin farko: Lamis da kwalin, rubutun hannunsa ya fito raɗau. A ƙasa an rubuta sunanta, da cewa ita ta jagoranci taron tunawa irinsa na farko a garin. A gefen hoton na hagu ana ganin kafaɗar kwat da rabin kunne.

Da zan so in rubuta cewa ya warke, amma na yi alkawarin ba zan rage ba. Mutanenmu sun dawo suna gaishe shi. Wasu sun yafe rahoton, wasu sun ajiye shi don wata rana. Filin kuwa shi ya shimfiɗa masa sabuwar ciyawa kafin biki, cikin kwana biyu cif, bai yarda kowa ya yaba masa ba. Widad ta sa hoton a gilashi ta rataye a falo. Duk baƙon da ya tsaya ya ce, "Masha Allah, 'yar likita ce wannan?" sai Abu Nizar ya taso daga kujerarsa, ya ɗora yatsa a gefen gilashin.

"Ita ce," yakan ce. "Kwalin nawa ne. Kunnen ma nawa ne."